Hayaƙin da ke ƙamshin ƙosai ma hayaƙi ne

Bayan bidiyon janareta da muka saka, wani ya turo min saƙo: wai idan ya zuba bayodizal, hayaƙin ba ya cutarwa, har ƙamshin suya yake yi, don haka zai iya kunna injin a tsakar gida kusa da ɗakin yara. Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi haka.

Ni fa ba na adawa da bayodizal. A Alƙahira nake karatu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin Ramsis da yamma, inda ƙananan motocin haya ke jere suna fesa baƙin hayaƙi, ya san yadda dizal ke ƙona maƙogwaro. Shi ya sa aikin kamfanin Tagaddod ke burge ni: suna bi gida-gida suna karɓar man da aka gama suya da shi, a sarrafa shi ya zama bayodizal. Man da za a zubar ya toshe kwata, sai ga shi yana tura mota. Ku duba yawan man da masu ƙosai da awara ke ƙonawa a Kano kullum.

Kuma gaskiya hayaƙinsa ya fi sauƙi. Kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinsa iskar oksijin ce, don haka yana ƙonewa sosai, kuma kusan babu farar wuta a cikinsa. Rahoton da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 2002 ya nuna cewa zallarsa na rage ƙurar hayaƙi da kusan kashi 47. Amma idan kashi 20 kawai aka gauraya da dizal, wato B20, ragin kusan kashi 10 ne. Goma kacal! Sauran dizal ne, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2012 cewa hayaƙinsa na jawo kansar huhu.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa: wannan rahoton dai ya nuna iskar NOx tana ƙaruwa, kusan kashi 10 a zallar bayodizal. Idan ta haɗu da zafin rana sai ta haifar da iskar ozon a ƙasa-ƙasa, wadda ke tayar wa masu asma ciwo. Rana kuwa, daga Alƙahira har Sakkwato, ba ma neman aro. Sababbin motocin Turai suna da na'urar tace wannan iska a salansa. Janaretanka na bayan shago ba shi da ita.

Ra'ayina, a zuba shi a manyan motoci da bas-bas, daga tsohon man girki, ba daga gonar da ya kamata ta ciyar da mutane ba. Indonesiya ta dogara da manja, dazuzzukanta suna biyan kuɗin.

Janareta kuwa, ko me ka zuba masa, yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari kuma take kashe mutane suna barci. Ka fitar da shi waje, nesa da taga.