Sharhi: Abin da kuɗin tikiti ba ya faɗa wa ɗan cin rani daga Tahoua

Da zarar an gama girbin gero a Adar, matasa daga Takanamat da sauran garuruwan arewacin Tahoua kan kama hanyar cin rani. Wasu Abidjan suke nufa, wasu Legas, wasu kuma Libiya ta hanyar Agadas. Tambayar farko a tasha ita ce nawa ne kuɗin mota. Sai dai tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuɗin tikiti ya zama wani ɓangare kawai na abin da matafiyi ke kashewa kafin ya isa.

A da, hanyar kudu a bayyane take: Tahoua zuwa Birnin Konni, sai Dosso da Gaya, a haye gadar Malanville a shiga Benin. Ƙungiyar CEDEAO ta janye takunkumanta a watan Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar Najeriya a watan Maris, amma Yamai ta bar iyakar Benin a rufe saboda dalilan tsaro. Matafiya suka koma haye kogin Kwara da jirgin ruwa. Hakan na nufin a sauka daga mota, a biya masu dakon kaya, a biya mai jirgi, sannan a nemi wata mota a ɗaya gefen. Hanyar Burkina Faso kuwa tana fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma jiran rakiyar sojoji kan ci kwanaki. Kowane kwana a hanya akwai kuɗin abinci da na makwanci, ga ranar aiki da ta wuce a banza.

Man fetur ma yana cikin lissafin. A watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar fetur zuwa Sefa 499, gazuwal kuma zuwa 618. Amma ƙananan motocin da ke shiga ƙauyuka sun daɗe suna dogaro da fetur ɗin bakin hanya da ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ya yi tsada tun da Shugaba Tinubu ya cire tallafi a watan Mayun 2023. Don haka mutumin Takanamat yana fara jin zafin aljihu tun kafin ya kai babbar tashar Tahoua.

Sai batun takardu. Nijar ta fice daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasar har zuwa wani lokaci. Wanda ya fita ba kati ba takardar rigakafi, shi ne ake saukewa a kowane shinge, kuma abin da zai biya a can ba ya da rasidi.

A arewa, soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure da aka yi a watan Nuwamban 2023 ya sa ana tashi daga Agadas a bainar jama'a. Hakan bai gyara lalatacciyar hanyar Tahoua zuwa Arlit ba, bai kuma rage haɗarin sahara ba.

Bidiyon tafiye-tafiye da ke yawo a TikTok da Facebook kan faɗi kuɗin tikiti su tsaya nan, mai kallo ya yi kasafi a kai, guzurinsa ya ƙare a tsakiyar hanya. Wanda ke Abidjan zai aiko wa ƙanensa kuɗin mota, gara ya tambayi wanda ya iso a makon nan: sau nawa ya canza mota, kwana nawa ya yi, nawa ya biya wa kaya da jirgi da shingaye. Babbar motar kamfani mai lokacin tashi da rasidi takan fi tsada a tasha, amma idan aka haɗa lissafin a ƙarshen tafiya, sau da yawa ita ce mai rahusa.