Zuwa Ga Masu Gwajin Rijiyar Burtsatse



Maganata kan abin da ke faruwa ne tsakanin bakin rijiya da kwamfuta. Manhajojin AQTESOLV da AquiferTest ba sa musu da kowa. Duk lambar da aka zuba musu, sai sun zana mata layi mai kyau.

Saboda haka kafin ku shigar da awo ko ɗaya, kowace rijiya a buɗe mata shafinta: zurfinta, inda bututu mai tsaga ya fara da inda ya ƙare, tazararta da rijiyar sa ido, da inda ruwa ya tsaya kafin a tada famfo. Ku rubuta daga ina aka auna, bakin bututu ko doron ƙasa. Lokaci kuwa a lissafa shi daga tashin famfo.

Sai ma'auni. Lita ɗaya a daƙiƙa ita ce mita kubik 86.4 a kwana, ku tsaida guda ku bi ta har ƙarshe. In janareta ya mutu ana cikin ja (wa ya tsira daga wannan?), kada ku share wurin. Ku shigar da shi a matsayin sauyin yawan ruwan da ake ja. Awon dawowar ruwa bayan an kashe famfo ma a adana shi, sau da yawa ya fi na lokacin ja tsabta.

A gwajin tsoma sanda, inda ake bin komawar ruwa mazauninsa, nan aka fi yin ɓarna. Lissafin Hvorslev na 1951 da na Bouwer da Rice na 1976 rabin faɗin bututu suke nema, kuma ninka shi suke yi da kansa. Wanda ya sa faɗin gaba ɗaya, amsarsa za ta kumbura kusan ninki huɗu, manhaja ba za ta ce uffan ba.

Hanyar Theis ta 1935 an gina ta ne kan ruwan da ke kulle a ƙarƙashin shimfiɗa marar yoyo, irin shimfiɗar tsakiya ta yankin Maiduguri da yumɓu ya danne. Ɗora ta kan tsagaggen dutsen Kano ko Zariya don kawai ita kuka fi sani, ganganci ne.

A ƙarshe, fayil ɗin asali da na'ura ta ɗauko kada a taɓa shi. A kwafa, a yi gyara a kan kwafin, a sa masa sunan rijiya da ranar gwaji.

Wassalam,
Abokin aikinku