Daga Bakin Asusu: Ki Tambayi Inna Yadda Ta Haife Ki

 

Makon jiya mun yi zubi babu walwala. Ɗiyar ɗaya daga cikinmu, cikin fari wata takwas, ta kwana biyu tana kukan ciwon kai, fuska ta kumbura, zobe ya ƙi fita. Aka ce ai nauyin ciki ne. Daren na uku jijjiga ta kama ta a wani ƙauye bakin Komadugu. Kafin a samu mota a kawo ta asibitin uwa da yaro na Diffa gari ya waye. Allah ya tashi kafaɗarta, amma jaririn bai zo da rai ba. A wurin gaisuwa ne uwarta ta ce mana, "Wallahi ni ma haka na yi a haihuwarta." Shekara 19 ba ta taɓa faɗa wa ɗiyar ba, don kunyar ɗan fari.

Muka je muka tambayi ungozomar likita. Ta ce kafin jijjiga akwai hawan jinin ciki, wanda yakan fara bayan wata biyar. Awo ya kai 14 bisa 9, kuma a ga alama a fitsari. Yana bin dangi: wadda uwarta ko yayarta ta yi, ta fi sauran mata haɗari. Gefen miji ma da nasa, tunda mabiyiya jinin su biyu ce.

To me ake gada? Mu dai mun saba cewa iskoki ne. Ashe akwai iska, amma ba wadda muke nufi ba. Jijiyoyin jininmu da kansu suna yin wata ƴar iska, naitirik okusayid, mai sa su saki su buɗe, kamar yadda ake buɗe hanyar ruwa a gonar tattasai. Waɗanda suka gano aikinta har kyautar Nobel suka samu a 1998. Mai ciki jininta yana ƙaruwa, sai an buɗe masa hanya. In iskar ta yi kaɗan, jijiya ta tsuke, jini ya hau, jariri ya rasa ci. Yadda jiki ke yin ta yana cikin abin da muke gada daga iyaye.

Amma gado ba hukunci ba ne. Wata uwarta ta yi, ita ta haihu lafiya lau. Wata babu a danginsu, ya same ta. Cikin fari, tagwaye, ƙuruciya sosai ko shekara 40, duk suna ƙara haɗari. Amfanin sani shi ne a faɗa tun awon farko, don a riƙa auna ta da kyau. Likita na iya rubuta mata asfirin ɗan kaɗan tun wata uku. Kar dai mu saya a tebur da kanmu!

Ga abin da ƙungiyarmu ta tsaida. Kowace uwa ta aje kunya ta faɗa wa ɗiyarta yadda haihuwarta ta kasance. In bakinta ya yi nauyi, ta aika goggo. Mai ciki a gidan ɗayanmu, biyu daga cikinmu za su raka ta awo. Asusun taimako kuwa mun ware masa kuɗin mota, ba sai an jira ranar zubi ba. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, zafi a ƙarƙashin haƙarƙari, kumburin fuska da hannu: a tafi a ranar, ko da bayan haihuwa ne.

Ku kai maganar nan zubinku na gaba. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.