Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada a Binne Kwamfuta da Ranta

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a jami'o'inmu, wadda ya kamata a yi mata taron dangi. Da zarar kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara sandarewa, ko tana ɗaukewa ana tsakiyar rubutun kundin digiri, sai ka ji an yanke mata hukuncin cewa ta tsufa. Ɗalibi ya shiga cin bashi, uba ya sayar da abin hannunsa, a nufi Computer Village da ke Ikeja a sayo wata 'yar kwatano, wadda ita ma bayan shekara biyu za a ce ta tsufa. Wannan almubazzaranci ne da rashin sani ya haifa.

A mafi yawan lokuta ƙarfen nan lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Babbar manhajar da ke sarrafa kwamfuta kullum ƙara nauyi take yi, injin kuwa yana nan yadda aka ƙera shi. Kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 7 a watan Janairun 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa ba ta karɓar kwamfutar da ba ta da wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma ta juya wa galibin injinan da aka ƙera kafin 2017 baya. Ashe ke nan ba kwamfutarka ce ta gaza ba, mai gida ne ya kore ta.

Alhali kuwa akwai wani gidan a buɗe. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara gina Linux, ya bar ta kyauta ga duniya. A 2004 Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu a kan wannan tushe. Daga nan aka samu rassa marasa nauyi irin su Lubuntu da Linux Mint, waɗanda ke tashin kwamfutar da ta shekara goma ta koma aiki garau. Suna zuwa da LibreOffice, mai buɗe takardun Word ya kuma adana su. Mu ɗaliban Hausa har da ƙarin riba: akwai tsarin madannai na Hausa a cikinsu, mai fitar da ɓ, ɗ da ƙ ba tare da wahala ba.

Masu ja da wannan magana sukan ce Linux ta ƙwararru ce. To, wayar Android da ke aljihunsu a kan ƙashin bayan Linux aka gina ta, kuma ba a kai su makaranta kafin su iya latsa ta ba. Sabo dai turken wawa ne. Wasu kuma su ce ai Windows ta sata ma kyauta ce. Ina kyauta a abin da ke shigo maka da ƙwayoyin cuta, ya cinye aikin shekara huɗu a dare ɗaya?

Gaskiya dai ɗaya ce: sauya manhaja ba ya gyara faifan ajiyar da ya lalace, ko fankar da ƙura ta toshe, kuma akwai manhajojin da sai a Windows suke aiki. Don haka a fara gwada ta daga filas, domin tana tashi daga nan ba tare da ta taɓa komai ba. A kuma kwashe takardu a adana kafin a ɗora ta, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma wani kaso nata tashoshin jiragen ruwan Legas yake sauka. Bai dace mai ilimi ya ƙara wa juji abin da ke da sauran amfani ba. Muna kira ga ƙungiyoyin ɗalibai da sassan kwamfuta su ware rana guda a kowane zango, a kawo tsofaffin kwamfutoci a farfaɗo da su. Allah Ya sa kunne ya ji.