Kafin Ka Ɗauki Alli a Ƙasar Wasu

A 'yan shekarun nan, da wuya a yi hira a ɗakin kwanan ɗalibai ba a taɓo zancen fita waje ba. Wani Ingila yake hange, wani Saudiyya, wani ko Gambiya ce zai je. Da yawa kuma koyarwa suke sa rai da ita, musamman tun watan Fabrairun 2023, da Birtaniya ta ba malaman Najeriya damar neman shaidar ƙwarewar koyarwa a makarantun Ingila. Ni dai ra'ayina, a tafi, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma fa a tafi da cikakkiyar takarda, da wa'adi, da niyyar dawowa.

Mu 'yan kudancin Jigawa bai kamata a ba mu labarin malami baƙo ba. A shekarun 1970 da 1980, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram ke cikin tsohuwar Jihar Kano, makarantun sakandaren jihar cike suke da malamai 'yan Indiya da Pakistan da Ghana, galibi masu koyar da lissafi da kimiyya da Turanci. Ku tambayi iyayenmu da suka yi karatu a lokacin, za su ba ku labari. Wato a da, nan ne ƙasar wajen da wasu ke mafarkin zuwa.

To yaya aka ƙare? Kuɗin mai ya ja baya, a watan Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama umarnin su fice. 'Yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka tattara nasu ya nasu, cikinsu har da malamai. Jakar nan da muke zuba kaya in za mu dawo makaranta, daga nan ta samo sunanta na Ghana Must Go. Kafin nan, a 1969, gwamnatin Busia a Ghana ta yi wa 'yan Najeriya irin wannan kora, har da Hausawan da suka daɗe a zango. Darasin a fili yake: komai daɗin da ɗalibai ke ji da kai, zamanka a ƙasar wasu a kan takarda yake rataye. Ranar da tattalin arzikinsu ya girgiza, kai za a fara dubawa.

Shi ya sa nake ganin hanya irin ta shirin TAC ta fi kwanciyar hankali. Gwamnatin Ibrahim Babangida ce ta kafa shi a 1987, yana tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da yankin Pasifik na tsawon shekara 2. Ka san wanda ya tura ka, ka san ranar dawowarka. Wannan daban yake da ka sayar da gonar gado ka miƙa wa dillalin biza, ka sauka a inda ba ka da kowa.

Sai kuma gaskiyar da ba ma son ji. Takardar HND kaɗai ba ta mai da mutum malami. Sai ka ƙara da difilomar koyarwa, PGDE, ka yi rajista da hukumar malamai ta ƙasa, TRCN, sannan ka nuna ka taɓa riƙe aji. A ina za ka samu wannan gogewar? Ga ta nan a ƙofar gida, a makarantun Fagam da ƙauyukan Gwaram. Wallahi wanda ya iya tsayawa gaban cikakken aji, ba wuta, ba isassun littattafai, ya fahimtar da yara lissafi, ba ajin da zai ba shi tsoro a Banjul ko Birmingham.

Na san abin da wani zai ce: “Kai malam, da wane albashi? Kishin ƙasa ake ci?” Gaskiya ne, ba a ci. Wanda ke da iyaye da ƙanne a wuyansa ba wanda ya isa ya hana shi neman inda ya fi. Sai dai mu tuna, kowane malamin kimiyya da ya tafi bai waiwayo ba, ajin wani ƙaninmu ne ya zama kango. 'Yan Indiya da 'yan Ghana da suka cike mana wannan gurbin a da sun tafi, kuma kuɗin da ya jawo su babu shi yanzu.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mai niyyar fita ya fara shiri tun yanzu. Ya gyara takardunsa, ya koyar a gida ko na shekara 2 ne, ya karanta kwantiragi da kyau kafin ya sa hannu, ya kuma sa wa kansa ranar dawowa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba mu sa'a, amin.