Doguwar fom tana tace talaka ne, ba ɗan damfara ba

1/ Jama'a, zare ne. Makon jiya na zauna da ƙanwata a gida, Furana, muna cike mata fom ɗin neman tallafin karatu a waya. Shafi bakwai. Muna na shida sabis ya ɗauke. Da ya dawo, komai ya goge. Ta ce "Yaya, bar shi kawai, ba rabona ba ne."

2/ Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai. Rabonta ne mana. Fom ɗin ce ta kore ta.

3/ Wanda ya tsara fom yana ofis da kwamfuta da wuta. Mai cikewa yana ƙauyen Ikara ko Kudan da ƙaramar waya, caji saura kaɗan, data na ɗari biyu. Kowace tambaya da aka ƙara, wata dama ce ta sabis ya yanke ko caji ya mutu.

4/ In ta gagara a waya, sai kafe. Kuɗin mashin zuwa Makarfi ko Hunkuyi, kuɗin mai shago, kuɗin ɗaukar hoton takardu, sannan a ce hoton ya yi nauyi, a rage shi. Fom "kyauta" ta cinye kuɗin cefanen yini.

5/ Ku duba rajistar masu zaɓe. INEC ta buɗe ta intanet a Yunin 2021. Zuwa 2022, sama da mutum miliyan 10 sun fara, amma wajen miliyan 3.4 ne kawai suka je aka ɗauki hotonsu da yatsunsu. Mataki ɗaya ya rage, kusan miliyan 7 suka tsaya a hanya.

6/ Ga misalin gyara. Dokar bashin ɗalibai ta 2023 ta ce sai ka kawo masu tsaya maka biyu, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya mai shekara 10 a aiki. Ɗan manomin rake a ina zai samo su? Dokar 2024 ta cire wannan sharaɗi kafin NELFUND ta buɗe shafinta a watan Mayu. Ashe ana iya ragewa in an so.

7/ Na san wani zai ce tambayoyi da yawa ne ke hana 'yan damfara. To, ɗan damfara yana da lokaci, yana da data, sana'arsa ke nan. Zai cike shafi ashirin yana shan shayi. Wadda za ta gaji ita ce yarinyar da ta ari wayar yayanta.

8/ Kuma tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Sunanka, ranar haihuwarka da hotonka duk suna can. Me ya sa kowace fom za ta sake tambayarsu? A ƙasar Istoniya ƙa'ida ce: abin da hukuma ta riga ta sani, ba a sake tambayar ɗan ƙasa.

9/ Abin da nake roƙon masu tsara fom:
a faɗi takardun da ake buƙata tun shafin farko
kowane shafi ya ajiye abin da aka rubuta
a bar loda takardu sai an tantance mutum
tambayar da ba za a yi aiki da amsarta ba, a cire ta

10/ Su kuma duba shafin da mutane suka fi tsayawa. A nan matsalar take, ba a lalacin matasa ba.

11/ Mu ma kafin su gyara: ku rubuta NIN, BVN da lambar JAMB a takarda, ku rage nauyin hotuna tun kafin ku fara, ku cike da asuba lokacin da sabis ya fi zama. Kada ku ba kowa lambar sirrinku, ko mai kafe ne.

12/ Ƙanwata dai mun gama tata a karo na uku, bayan sallar asuba. Ƙawayenta biyu ba su ƙarasa ba, an rufe. Wace fom ce ta taɓa sa ku haƙura? Ku faɗa min a ƙasa.