Amos bai ƙi garaya ba, mudun mawaƙa ya duba

Wajen shekara 760 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin sarki Yerobowam na biyu, wani makiyayi mai suna Amos ya taso daga garin Tekowa na ƙasar Yahuza ya nufi Betel, inda masarautar Isra'ila ke da wurin sujada na sarki. Ƙasar tana cikin wadata a lokacin, masu hannu da shuni suna kwana a gadajen hauren giwa, kuma ba a yin idi sai da hadaya da kiɗa. A sura ta 5 ta littafinsa, Amos ya faɗa musu ba kwana-kwana cewa Allah ya ƙosa da bukukuwansu, ba zai ƙara sauraron waƙarsu ko garayarsu ba, adalci marar yankewa yake nema. Ni a ganina wannan sura ita ce ma'auni mafi kyau da Littafi Mai Tsarki ya bayar na rarrabe waƙar ibada ta gaskiya da ta riya, domin ta ɗauke hukuncin daga daɗin murya ta kai shi kasuwa da ɗakin shari'a.

Wasu suna kafa hujja da ayoyin nan su ce annabawa sun ƙi kiɗa a wurin ibada. Wannan fassara ba ta da ƙafar tsayuwa. Zabura waƙoƙi ne guda 150, ta ƙarshensu kira ne a yabi Allah da kayan busa da na kiɗa. Annabi Elisha ma, a littafin Sarakuna na biyu sura ta 3, sai da ya sa aka kawo masa makaɗi kafin saƙon Allah ya zo masa. Kuma a nassin nan da Amos ya yi watsi da waƙa, ya haɗa har da hadayu, waɗanda Attaura da kanta ta umarta. Laifin yana jikin masu yin. Amos ya jera shi dalla-dalla: sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, karɓar toshiyar baki a wurin yanke hukunci, tauye mudu, ha'inci a sikeli, da sayar wa talaka dusar alkama. A sura ta 8 har ya nuna 'yan kasuwa suna ƙagara Asabar ta wuce su koma cuta.

Hujja mafi nauyi da za a iya ƙalubalantar ra'ayina da ita ita ce a ce ikhlasi a zuci yake, Allah kaɗai ya san shi, wa zai ce wa mai waƙa da hawaye munafuki? Gaskiya ne ba mai ganin zuciyar wani, kuma ba na shakkar cewa da yawa daga masu sujada a Betel tsigar jikinsu na tashi idan aka fara kiɗa. Amma shauƙi abu ne mai araha. Ezekiyel, wanda ya yi annabci cikin 'yan bauta a Babila, an gaya masa a sura ta 33 cewa mutane suna cika gabansa suna jin daɗinsa kamar yadda ake jin daɗin mai waƙar soyayya, su tashi ba su aikata ko ɗaya ba. Ishaya ma ya koka da masu shagalin molo da ganga da suka manta da aikin Ubangiji. Annabawan nan ba su yi da'awar karanta zukata ba. Abin da ido ke gani suka auna, wato yadda mutum ke yi wa gwauruwa, maraya da wanda yake bi bashi.

Amaziya, firist na Betel, ya kori Amos ya ce ya koma Yahuza ya nemi abincinsa can. Kiɗa ya ci gaba, har Assuriya ta ci Samariya, babban birnin Isra'ila, wajen shekara 722 kafin haihuwar Almasihu. Saboda haka ina kira ga fastoci da shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa da na zumuntar mata a coci-cocinmu: kafin a tara kuɗin sabbin kayan kiɗa, a fara biyan mai gadi da malamin makaranta haƙƙinsu, a kuma tambayi dattijon da ke kujerar gaba da wane mudu yake awo.